Zaɓen Rabin Abu: Yadda Alwatikar Ƙidaya Ta Shiga Kalkulas

Mutum goma ne a zaune, aka ce su fitar da uku daga cikinsu su wakilce su. Ta hanya nawa za a iya yin wannan zaɓe? Kujerar farko mutum goma ne ke iya hawanta, ta biyu tara, ta uku takwas, wato 10 × 9 × 8 = 720. Sai dai wakilci bai damu da wanda aka fara kiran sunansa ba. Kowane rukuni na mutum uku an ƙirga shi har sau shida, domin hanya shida ake da ita ta jera mutum uku. A raba 720 gida shida, a samu 120. Masu lissafi suna rubuta wannan da C(10,3), wato uku daga cikin goma.

Akwai wata hanyar da ba ta bi ta ninkawa ba. Ka zuba wa mutum ɗaya ido daga cikin goman. Ko dai yana cikin wakilan, ko ba ya ciki. In yana ciki, sauran biyun daga cikin tara za a cike su, hanya 36 ke nan. In ba ya ciki, duka ukun daga cikin taran za su fito, hanya 84. Haɗa su, 120 ce dai ta sake fitowa. Wannan ƴar dabara ita ke gina alwatikar nan da ake zana wa ɗalibai a allo, inda kowace lamba take jimlar biyun da ke kanta:

1
1 1
1 2 1
1 3 3 1
1 4 6 4 1
1 5 10 10 5 1

Lambobin nan su ne kuma ke fitowa a aljabara idan aka ninka a + b da kansa: (a + b)⁴ = a⁴ + 4a³b + 6a²b² + 4ab³ + b⁴. Ba dace ba ne. Baka huɗu ce a jere, daga kowacce za ka ɗauki a ko b. Kana samun a²b² duk lokacin da ka zaɓi baka biyu daga cikin huɗun su ba ka b, kuma hanya shida ake yin haka. Aljabarar ƙidaya take yi, ko mai yin ta bai lura ba. Daga nan aka sa musu suna lambobin bainomiyal, wato na abu mai kashi biyu irin a + b.

Tarawa da ninkawa amsa ɗaya suke bayarwa, amma ba wuri ɗaya suke kai mutum ba. Mai tarawa sai ya sami sahun da ke sama kafin ya sauko na ƙasa, saboda haka daga sahu na 3 sai na 4, babu komai a tsakani. Mai ninkawa kuwa, in uku zai zaɓa daga cikin abu n, n × (n − 1) × (n − 2) yake yi, ya raba da 1 × 2 × 3, kuma wannan ƙa'ida ba ta taɓa tambayar ko n cikakkiyar lamba ce. Ƙofar a buɗe take tun farko. An yi ƙarnuka masu yawa ana wucewa ta gabanta kafin wani ya tura ƙafa ciki.

Waɗanda suka fara cin karo da lambobin ba duka masu lissafi ba ne. A Indiya, Pingala ya rubuta littafi a kan karin waƙar Sanskirit tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma damuwarsa ita ce gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Layi mai gaɓa shida yana iya zuwa da siga 64. Goma sha biyar daga ciki ne ke da gaɓa biyu masu nauyi. Halayudha, wanda ya yi wa littafin sharhi a ƙarni na 10, ya bayyana yadda ake gina alwatikar hawa-hawa. A Basra kuma Halilu ɗan Ahmad, wanda masu karatun aruli suka sani, ya so ya tattara kalmomin Larabci ba tare da ko ɗaya ta kuɓuce masa ba, sai ya bi ta ƙirga yadda haruffa ke haɗuwa da juyawa. Daga haruffa 28, zaɓen uku mabambanta yana da hanya 3,276, kowane zaɓe kuma yana juyuwa gida shida, jimla 19,656. A Marakish, Ibn Mun'im, wanda ya rasu a 1228, ya koma kan wannan matsala ta kalmomi, amma ya fara da misali mai sauƙi: zaren siliki launi goma, tuntu iri nawa za a iya haɗawa da launi biyu, da uku, da huɗu? Teburin da ya fitar alwatikar nan ce.

Masu aljabara ta wata ƙofa suka shigo. Alkaraji, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajejen shekara ta 1000, ya san alwatikar da ƙa'idar gina ta. Rubutunsa a kan haka ya ɓata, ta hannun Samau'al muka same shi a ƙarni na 12. A ƙasar Sin, Jia Xian ya yi amfani da ita a ƙarni na 11 wajen fitar da tushen lambobi, Yang Hui ya adana aikinsa a 1261, Zhu Shijie kuma ya zana ta a farkon littafinsa na 1303, yana kiran ta tsohuwar hanya. Shi ya sa har yau kowa da sunan da yake kiran ta: a Iran ta Umar Kayyam ce, a Sin ta Yang Hui, a Italiya ta Tartaglia.

To, ina Pascal, masanin lissafi na Faransa, ya shigo, tunda sunansa ne ya fi yaɗuwa a kan alwatikar? Ba shi ya gano ta ba, ko a Turai ma an buga ta a bangon littafin Apianus tun 1527. Amma ban ga adalci a ce kwashe aikin wasu kawai ya yi ba. A rubutunsa na 1654, wanda aka buga a 1665 bayan rasuwarsa, ya ɗauki alwatikar a matsayin abin nazari ita kanta, ya jera siffofinta ya kafa musu hujja, ya kuma ɗora mata sabon aiki. A shekarar 1654 ɗin yake musayar wasiƙu da Fermat, shi ma masanin lissafi na Faransa, a kan wasan da aka katse kafin a gama: ɗaya saura masa ci biyu, ɗayan saura uku, yaya za a raba abin da aka zuba? Zagaye huɗu ne mafi yawa da za a ƙara kafin a sami gwani, saboda haka sai a duba sahun 1, 4, 6, 4, 1. Na farko yana yin nasara idan ya ci biyu ko uku ko huɗu, 6 + 4 + 1 = 11. Na biyu yana da 4 + 1 = 5. Rabo ya zama 11 da 5 cikin 16. Ilimin yiwuwa daga irin wannan lissafi ya taso. Duk da haka, har nan ƙidaya ce zalla, kowace lamba tana ƙirga wani abu da za a iya nunawa da yatsa.

Abin da ya sauya labarin da'ira ce. John Wallis na Oxford, a littafinsa na 1656, yana neman girman filin da ke ƙarƙashin layuka masu lanƙwasa. Ya iya lissafa na (1 − x²) idan lambar hawanta 0 ce, ko 1, ko 2, ko 3, tunda buɗe baka kawai za a yi. Amma da'ira lambar hawanta rabi ne, domin tsayinta a kowane wuri tushen murabba'in 1 − x² ne. Ta faɗa daidai tsakanin sahu na 0 da na 1, inda alwatikar ba ta da komai. Wallis ya yi ta cike gurbi a teburinsa har ya fito da wani dogon ninki marar ƙarshe da ke ba da 4/π.

Isaac Newton ya karanta littafin a Kambirij a sanyin 1664 zuwa 1665, yana ɗan shekara 22 ko ƙasa da haka kaɗan. Abin da ya yi daban ƙarami ne a ido. Wallis ya tsayar da x a kan 1, sai lambobin suka narke cikin jimla guda. Newton ya bar x a sake, sai filayen suka fito haka: x, sannan x − x³/3, sannan x − 2x³/3 + x⁵/5. Da aka ajiye 3 da 5 na ƙasa a gefe, abin da ya rage 1, sai 1, 1, sai 1, 2, 1, wato sahun alwatikar. Shi da kansa ya ce ya ga lambobin 11, 121, 1331 da 14641 a ciki. Sai ya nemi ƙa'idar da ke fitar da kowace lamba daga wadda ke gabanta a cikin sahu ɗaya, ba daga sahun sama ba, ya samu: ninka da n ka raba da 1, ninka da n − 1 ka raba da 2, ninka da n − 2 ka raba da 3, haka har gaba. Daga nan ya sa rabi a gurbin n.

Yana da kyau mai karatu ya gwada da hannunsa. A sahu na 4 ana samun 1, sai 4, sai 4 × 3/2 = 6, sai 6 × 2/3 = 4, sai 4 × 1/4 = 1, sai kuma a ninka da sifiri, komai ya mutu. Abin da ke tsayar da sahun ke nan: ana ta ɗebe ɗaya-ɗaya daga n har a taka sifiri. Rabi kuwa tsallake sifiri yake yi. Daga 1/2 sai −1/2, sai −3/2, sai −5/2, ba ya taɓa sauka a kansa. Lambobin da ke fitowa su ne 1, 1/2, −1/8, 1/16, −5/128, kuma ba su da ƙarshe. Wato tushen murabba'in 1 + x shi ne 1 + x/2 − x²/8 + x³/16 − 5x⁴/128 har illa ma sha Allahu. A gwada da x = 0.2: 1 + 0.1 − 0.005 + 0.0005 − 0.0000625 = 1.0954375. Ainihin tushen 1.2 kuwa 1.095445 ne. Kashi biyar kacal, an riga an dace a lambobi huɗu bayan ɗigo.

Newton bai kafa hujja ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hasashe ya yi, sannan ya jarraba: ya ninka jerin tushen 1 − x² da kansa ya ga 1 − x² ta dawo, sauran duk sun cinye juna. Ya gamsu, ya ci gaba. Da wannan makami duk wata lanƙwasa mai tushe ko kasafi ta koma jerin x, x², x³, waɗanda filinsu da saurin canjinsu sananne ne. Ya lissafa π zuwa lambobi kusan goma sha biyar. Bai buga sakamakon a lokacin ba. A wasiƙu biyu na 1676 da ya aika wa Leibniz ta hannun Oldenburg ne ya bayyana ƙa'idar da yadda ya same ta. James Gregory a Sikotland shi ma ya kai gare ta wajejen 1670 ba tare da ya gani a wurin Newton ba.

Ko ƙa'idar farko da ake koya wa ɗalibin kalkulas, wato lissafin saurin canji da girman fili, daga alwatikar take. A matsar da x da ɗan kaɗan, a ce h, sai (x + h)ⁿ ya zama xⁿ da n·xⁿ⁻¹·h da wasu kashi masu h², h³ da ke ɓacewa idan h ya ƙanƙance. Saurin canjin xⁿ shi ne n·xⁿ⁻¹, kuma wannan n ba wani ba ne illa lamba ta biyu a sahun, zaɓen ɗaya daga cikin n. Tunda sahun rabi ya samu, ƙa'idar ta shafi tushe ma.

Sai dai araha ba ta ado. Jeri marar ƙarshe ba kullum yake tsayawa a kan amsa ba. A sa x = 3 a jerin ɗazu, ana sa ran tushen 4, wato 2. Abin da ke fitowa 1 + 1.5 − 1.125 + 1.6875 − 3.164, kowane kashi daga nan ya fi wanda ya gabace shi girma, jimlar tana ta lilo tana ƙara nisa. Jerin yana aiki ne idan x bai wuce tsakanin −1 da 1 ba. Manyan masu lissafi na ƙarni na 18 sun san da wannan rami, suna kauce masa da basira ba da doka ba, wani lokaci kuma su faɗa. Sai a 1826 Niels Abel, matashi ɗan Norwe, ya zauna ya tantance daidai inda jerin bainomiyal ke aiki da inda ba ya yi. Shekara 160 ke nan ana cin moriyar abin kafin a biya bashin hujjarsa. A wata wasiƙa ta wannan shekarar Abel ya kira jerin da ba ya tsayawa ƙirƙirar shaiɗan.

Hasara ta biyu ita ce ma'ana. Zaɓen biyu daga cikin rabin abu yana da hanya −1/8. Wannan magana ba ta da kai a ƙidaya. Mutum zai ɗauka an bar ƙidaya a baya ke nan har abada. Abin da ya fi burge ni a duk labarin shi ne ba haka ta kasance ba.

A sa n = −3 a ƙa'idar Newton. Ana samun 1, −3, 6, −10, 15. A ajiye alamar ɗebewa, a dubi 6 ɗin nan. Kana da abu iri uku, a da b da c, za ka ɗauki biyu, amma an yarda ka maimaita: aa, ab, ac, bb, bc, cc. Shida. In uku za ka ɗauka, goma. Sahun da ke ƙasa da sifiri ƙidaya yake yi shi ma, sai dai tasa ta zaɓe ce mai maimaici. Sahun rabi ma bai tsira ba. Tushen murabba'in 1 − 4x yana buɗewa ya ba da 1 − 2x − 2x² − 4x³ − 10x⁴ − 28x⁵. Gutsattsarin duk sun ɓace, kuma idan aka raba biyu sai ga 1, 1, 2, 5, 14. Su ne lambobin da ake kira na Catalan. Siffa mai kusurwa biyar ana iya yanka ta zuwa alwatikai ta hanya 5, mai kusurwa shida ta hanya 14, tambayar da Euler ya taso da ita a 1751. Matsala ce ta ƙirga cikakkun abubuwa, amma amsarta sai ta bi ta sahun rabi.

Dangantakar ta fi haka zurfi. A kalkulas, saurin canjin x³/6 shi ne x²/2, na x²/2 kuma x. Kowanne yana sauka kan na ƙasansa. A duniyar cikakkun lambobi babu ƙanƙancewar h, taki ɗaya-ɗaya ake yi, abin da ke madadin saurin canji shi ne bambanci tsakanin lamba da mai bi mata. Bambancin C(x+1,3) da C(x,3) kuwa C(x,2) ne, wato ƙa'idar tarawa ce aka juya. Saboda haka C(x,k) a ƙidaya yana yin aikin da xᵏ a kan faktoriyal na k, wato 1 × 2 × 3 har zuwa k, yake yi a kalkulas. Amfaninsa a fili yake. x² daidai yake da C(x,1) + 2·C(x,2); a gwada da 4, 4 + 12 = 16. Tara irin waɗannan hawa ɗaya kawai yake ƙara musu, don haka jimlar murabba'an lambobi daga 1 zuwa 10, wato 1 + 4 + 9 har zuwa 10², ita ce C(11,2) + 2·C(11,3) = 55 + 330 = 385. Newton da Gregory sun yi amfani da wannan wajen cike gurbi a teburorin lissafi. Brook Taylor kuma a 1715 ya ɗauki wannan ƙa'ida ta bambanci, ya bar takin ya ƙanƙance, jerin da ke ɗauke da sunansa ya fito. Littattafan makaranta sukan fara da jerin Taylor su ciro jerin bainomiyal daga cikinsa kamar ɗansa. A tarihi ɗan ya girmi uban da shekara hamsin.

Saura lamba ta biyu a C(n,k). Newton ya saki n, amma k, adadin abin da ake zaɓa, yana nan cikakke. Kafin a sake shi sai an san mene ne faktoriyal na rabi, alhali faktoriyal ninka 1 × 2 × 3 ne har zuwa lambar. Euler ya warware wannan a wasiƙarsa ga Goldbach a 1729, abin da daga baya Legendre ya sa wa alamar gamma. Faktoriyal na rabi ya fito rabin tushen π, kusan 0.886. Yanzu a tambaya: zaɓen rabi daga cikin ɗaya hanya nawa ne? Ɗaya a raba da 0.886 sau biyu, 4/π, kusan 1.273. Lambar Wallis ce. Gurbin da ya yi ta fama da shi a teburinsa shi ne daidai tsakiyar sahun 1, 1.

Wannan π ba ta tsaya a gurbi ba, tana cikin cikakkun sahu ma idan suka yi tsawo. A jefa kwabo sau 100, mene ne yiwuwar fuska ɗaya ta fito sau 50 cif? C(100,50) lamba ce mai gurbi 30, ba mai son lissafa ta da hannu. De Moivre a 1733, da taimakon ƙiyasin Stirling na 1730, ya nuna ba sai an yi ba: amsar tana kusa da ɗaya a raba da tushen 50π, wato 0.0798, ainihinta kuma 0.0796. Ƙasa da kashi takwas cikin ɗari, abin da yakan ba mutane mamaki. Idan aka zana dogon sahu a takarda, tudun nan mai siffar ƙararrawa da masu ƙididdiga ke aiki da shi kullum ne ke bayyana.

Hanyar tana biyuwa ta baya ma, ƙidaya ta yi wa kalkulas aiki. Filin da ke ƙarƙashin x²(1 − x)² daga 0 zuwa 1 shi ne 1/30, ana iya samunsa ta buɗe baka: 1/3 − 1/2 + 1/5. Amma ga yadda tunani irin na Thomas Bayes, wanda aka buga a 1763, yake kaiwa gare shi. A jefa ɗigo ɗaya a kan layi ba tare da saiti ba, sannan a jefa wasu huɗu. Yiwuwar biyu su faɗa hagunsa biyu damansa ita ce 6 sau wancan filin. To amma ɗigo biyar ne aka jefa iri ɗaya, na farkon yana iya zama a kowane matsayi cikin biyar ba fifiko, don haka yiwuwar ya zama na tsakiya 1/5 ce. Shida sau fili ya ba da 1/5, fili ya zama 1/30, ba tare da an taɓa ƙa'idar kalkulas ko ɗaya ba.

Tambaya mafi ban mamaki tun 1695 ta taso, a wasiƙun Leibniz da L'Hôpital. Ana ɗaukar saurin canji sau ɗaya, ana ɗauka sau biyu. Ana iya ɗauka sau rabi? Bambanci na biyu yana amfani da 1, −2, 1, na uku da 1, −3, 3, −1, sahun alwatika ne da alamu masu musanya. Grünwald a 1867 da Letnikov a 1868 suka yi abin da Newton ya yi, suka sa sahun rabi a wurin. Tunda wannan sahu ba ya ƙarewa, sakamakon ba ya dogara ga maƙwabtan wuri guda kawai, yana jawo duk abin da ya gabata, na kusa da nauyi, na nesa da sauƙi. Shi ya sa injiniyoyi ke amfani da shi a yau wajen kwatanta kayan da halinsu na yanzu ya danganta da matsin da suka sha a baya, irin su roba da wasu nau'o'in filastik. Rabin saurin canjin x kansa yana fitowa 2 sau tushen x/π. A sake yi masa rabi, a samu 1, wanda shi ne saurin canjin x da kowane ɗalibi ya sani.